Tambayi Likita: Motsa jikin tsofaffin Chaina, yana magani kuwa?

Tambaya: Salam likita, dan Allah ina ganin bidiyon tsofaffin Chaina a Facebook da sassafe suna ɗaga hannu a hankali, wai chigung ake ce masa. Mamana na fama da ciwon gwiwa, zai mata amfani?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Mama lafiya. Eh zai iya mata amfani sosai ma. Chigung motsi ne a hankali haɗe da jan numfashi da nutsuwa, ɗan uwansa kuma taichi, wanda asalinsa dabarar kare kai ce daga ƙauyen iyalan Chen a lardin Henan tun ƙarni na 17. A 2019 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta sa taichi cikin abubuwan da take ƙarfafa wa masu zaizayewar gwiwa su yi. Dalili kuwa, mutum na sauya nauyinsa daga wannan ƙafa zuwa waccan sannu sannu gwiwa a ɗan lanƙwashe, naman cinya ya yi ƙarfi ya rage wa gwiwar aiki, tsayuwa ta daidaita, faɗuwa ta ragu, kin san faɗuwar tsoho ba ƙaramin abu ba ce, karayar ƙugu kan kwantar da mutum wata da watanni. Ta fara da minti 10 tana dafe da bayan kujera, kar ta durƙusa da yawa. In gwiwar ta kumbura ko tana ɗumi a fara kawo ta asibiti tukuna.

Tambaya: Likita ina da hawan jini, in na dage da wannan zan iya ajiye ƙwaya?

Amsa: A'a malam, ina roƙonka kar ka ajiye. Yana iya ɗan sauke jinin kamar yadda tafiyar ƙafa ke yi, amma ƙari ne kan magani. Ka ci gaba da awo, likitanka ne kawai zai rage maka in ya ga lambar ta sauka.

Tambaya: Wai da gaske malaman chigung na ture mutum ba tare da sun taɓa shi ba, har su warkar da ciwon daji?

Amsa: Babu hujjar da ta tabbatar da haka. A likitancin gargajiyar Chaina suna cewa akwai wani ƙarfi mai suna chi da ke zagayawa a jiki, in ya toshe sai cuta ta zo, amma har yau ba na'urar da ta auna shi. Shi kansa Hua Tuo, tsohon likitansu na zamanin daular Han, abin da ake danganta masa shi ne motsin kwaikwayon dabbobi biyar, damisa da barewa da biri da tsuntsu da dabbar beya, don jiki ya motsa. Abin da ke ci min rai shi ne mai ciwon daji ya bar asibiti ya bi irin wannan, ya dawo lokaci ya ƙure. Duk wanda ya ce ka biya shi ya turo maka waraka ta waya, ka riƙe kuɗinka ka je a duba ka.