Filin Masu Karatu: CFA Zan Fara Ko CIS?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan bautar ƙasa ne, tattalin arziki na karanta, kuma burina in samu aiki a kamfanonin nan masu juya kuɗin mutane a hannun jari. To kowa da abin da yake faɗa min kan jarrabawar ƙwarewa da zan yi, wani ya ce IMC, wani ya ce in ba CFA ba ɓata lokaci ne, wani kuma CIS. Ɗan abin da nake tarawa daga alawi bai taka kara ya karya ba, ba na so in zuba shi inda ba zai amfane ni ba. Sannan Baba kullum cewa yake harkar duk kuɗin ruwa ce. Dan Allah a ba ni shawara.
Daga mai karatu a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi jagora. Kafin ka cire ko sisi, fara tambayar kanka a ina kake so ka yi aikin, saboda kowace takarda akwai ƙasar da take da ƙarfi.

IMC dai takardar shaidar sanin aikin juya jari ce ta Ingila, ƙungiyar CFA ta can ce ke shirya ta, kashi biyu ce kuma kashin farko yawancinsa dokokin kasuwarsu ne da harajinsu. In Landan ka nufa to madalla, amma in a Legas ko Abuja za ka zauna gaskiya ajiye ta gefe tukuna.

CIS ita ce tamu ta gida, cibiyar dillalan hannun jari da doka ta kafa a 1992, ofishinta na Legas, da naira ake biya, kuma ita ce hanyar zama dillali a NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya. Kamfanonin da ke da rajista da hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari sun san darajarta, ba sai ka tsaya yi wa kowa bayani ba. Mai aljihu irin naka nan na fi so ya fara.

Ita kuwa CFA, takardar ƙwarewa a nazarin zuba jari, e, ita ce babba, cibiyarta na Amurka kuma duk inda ka je duniya an san ta, amma masu cewa "kawai ka yi CFA" ba sa faɗa maka nauyinta. Mataki 3 ce. Matakin farko kaɗai tambaya 180 ne a kwamfuta, zama biyu kowanne minti 135, su kansu masu shirya jarrabawar suna cewa ka tanadi awa 300 na karatu, kuma a yawancin zama waɗanda ke faɗuwa sun fi masu ci yawa. Kuɗin ya haura dala 1,000, kai kuma alawinka naira 77,000 ne, lissafa da kanka, in ka faɗi kuma sabon biya za ka yi. Ko ka cinye ukun sai ka kawo shaidar awa 4,000 na aiki cikin aƙalla wata 36 kafin su yarda ka liƙa haruffan nan a bayan sunanka. Ba wai ina kashe maka gwiwa ba ne wallahi, so nake ka shiga da idonka a buɗe, ka yi ta lokacin da ka samu aiki, don akwai kamfanonin da ke biya wa ma'aikatansu. Masu CFA ɗin kuma suna da tallafin rage kuɗi ga marasa ƙarfi, ka nema, yaranmu na arewa ba su cika nema ba kuma abin yana damuna. In ɗanɗano kake so, suna da ƙaramin kwas a intanet mai suna Investment Foundations wanda ba ya buƙatar digiri.

Abu biyu da ke kayar da mutane tun kafin su zauna: sai da fasfo na fita waje ake shiga ɗakin jarrabawar CFA, katin ɗan ƙasa ba ya yi, sannan kalkuleta iri biyu kawai aka yarda da su, BA II Plus da HP 12C. Ka saye ta da wuri hannunka ya saba, kar ranar jarrabawa ka tsaya laluben maɓalli agogo na tafiya.

Amma fa ka sani takarda intabiyu kawai take kai ka. In ka zauna gabansu za su iya turo maka rahoton shekara na kamfani irin Dangote Cement ko MTN su ce faɗa mana, mu saya ko kar mu saya, kuma me ya sa. Wannan kyauta ake koyonsa, rahotannin suna nan a intanet, ka sauke ɗaya ka buɗe Excel ka jera cinikinsu da ribarsu da bashinsu na shekara biyar ka ga inda suka dosa, yau da gobe sai ka ga idonka ya buɗe. Wannan watannin na bautar ƙasa da kake da sarari su ne lokacinsa.

Maganar Baba kuwa kar ka yi masa gardama, yana da hujja, akwai ɓangaren da kuɗin ruwa ne zalla. Sai dai ka zaunar da shi cikin ladabi ka nuna masa akwai ɗaya ɓangaren: bankin Jaiz tun 2012 yake aiki ba ruwa, TAJ ya biyo a 2019, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk (takardar zuba jari marar ruwa) na farko na naira biliyan 100 a 2017 aka yi tituna da shi, kamfanin Lotus Capital na da asusun jari na halal, har kuɗin fansho ma hukumar fansho PenCom ta ware asusun da ba ruwa a ciki. Duk waɗannan suna neman wanda ya iya lissafi kuma ya san fiƙihun ciniki, kuma irinsu ba su da yawa. Jami'ar Bayero a Kano na da cibiya guda ta harkar bankin Musulunci, ga ku ga Kano, ka leƙa ka ji kwasa-kwasansu, in ka haɗa da CIS ɗin sai ka rubuto min mu ga na gaba. Ka gaida Baba.