Amsa ga 'yar'uwar da 'ya'yanta suka daina yin Hausa a Ingila

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na karanta tambayarki. Kin ce yaranki uku da kika haifa a Manchesta suna jin Hausa amma da Turanci suke mayar miki, har babbar ta ce ita ba ta san 'yar ina ba ce. Maganar yarinyar nan ta taɓa ni, don ni ma na faɗe ta, sai dai ni a Kumasi na tashi.

Kakana Bakano ne. Fataucin goro ya kai shi ƙasar Asante a Gana, ya zauna a zango, unguwar baƙi, har Allah ya karɓi ransa. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana. Ƙannen mahaifina biyu suka hau babbar mota zuwa Nijeriya, ƙasar da ba su taɓa gani ba, mahaifina kuma ya zauna. A makaranta 'yar zango ake ce mini ko da na yi Twi, yaren Asante, kamar kowa, sai na sa a raina cewa Kano ce gida.

Ina da shekara 19 na fara zuwa Kano. Ana zaune a ɗakin gwaggo na ce "Hajiya ya zo", aka kwashe da dariya. Mu a zango haka muke faɗa, ba mu cika raba namiji da mace a magana ba. Wallahi kusan wata guda na yi ina gyaɗa kai kawai, ana cewa Bagwanjiyar nan miskila ce. Kunya ce ta rufe mini baki.

Shi ya sa nake roƙonki ki bincika a hankali: wa ya taɓa yi wa yaranki dariya? Sau da yawa a waya ne, wata inna ta kwaikwayi yadda yaro ya ce "ina kwana", kowa ya dara, shi ke nan ya haɗiye harshen. Ki ja kunnen dangi, ko ransu zai ɓaci. Idan yaro ya karya Hausa, ki maimaita masa daidai cikin hira, ki wuce.

Kada kuma ki matsa wa babbar sai ta zaɓi ɗaya. A can aka yanke mata cibi, tana da haƙƙi a garin. Ni hankalina ya kwanta ne ranar da na lura duk Kumasi na karyawa da koko da ƙosanmu, waakye ɗin (shinkafa da wake) da suke ji da shi ma sunan wakenmu ne.

Nawa yaran a madafi suka kama Hausa. Miƙo ludayi, dama kunun, ɗanɗana miyar. Ranar Juma'a kuma mahaifiyata ce ke kiransu ta bidiyo, ita ba ta jin Turanci, dole su lalubo kalma. Idan kakarsu na da rai, ki fara da ita wannan Juma'ar.