Game da kwamfutarka da ke ɗaukewa bayan kunna EXPO

Ɗan'uwa, ka ce sabuwar kwamfutarka ta wasa tana ɗaukewa tun da ka kunna EXPO (saitin AMD na ƙara wa RAM gudu) a gudun 6000 MT/s. Na taɓa shan wannan wahalar, ana tsakiyar wasa allo ya koma shuɗi.

Fara duba ramukan RAM. Idan sandunan RAM ɗinka guda biyu ne, rami na biyu da na huɗu daga furosesa ake saka su. Idan ka cika huɗu, cire biyu, domin sandunan RAM huɗu na DDR5 da wuya su jure wannan gudun. Sannan ka sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta.

Idan bai daina ba, sauko zuwa 5600, ka bar MemTest86, shirin gwada RAM, ya kwana yana gwaji. Ko kuskure ɗaya ya fito, bai zauna ba tukuna. Don Allah kada ka yi gaggawar ƙara wuta: a furosesa Ryzen 7000, kar wutar SoC (ɓangaren furosesa mai kula da RAM) ta wuce volt 1.3.