Kwamfuta za ta iya gaya mini inda zan sa taga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da fili a bayan Ƙofar Ƙaura, ina shirin ɗora ɗaki uku da falo. Wuta ba tabbas, man janareta kuma ya fi ƙarfina. Ƙanena mai karatun zanen gini ya ce akwai manhajar da ke auna ko iskar Allah kaɗai za ta sanyaya gida. Da gaske ne? Daga mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ƙanenka bai yi ƙarya ba. Wadda na fi aiki da ita EnergyPlus ce, ta Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, kyauta tun fitowarta a 2001. Ana ba ta zanen gida, kaurin bango, girman tagogi, da fayil ɗin yanayin gari mai ɗauke da zafi da iskar kowace awa, 8,760 a shekara. In na Katsina bai samu ba, a ɗauki na Kano. Ita kuma ta lissafa zafin kowane ɗaki awa-awa. Wuyar sha'ani gare ta. Don haka gara ƙanenka ya fara da wata manhajar, CoolVent, ta jami'ar MIT da ke Amurka.

Amma bari in rage maka hanya. A watan Afrilu, zafi ya haura 40 a waje, buɗe taga da azahar tamkar buɗe bakin tanda ne. Lissafin kullum inda yake kai ni shi ne a rufe da rana, a buɗe bayan isha'i, bango mai kauri ya sha sanyin dare ya riƙe shi har la'asar. Bulo inci shida da rufin kwano marar silin ba sa riƙe komai. Soron tubali na kakanninmu, da 'yan tagoginsa can sama inda iska mai zafi ke taruwa, shi ke cin wannan jarrabawa. Tagoginka su kalli juna, kudu da arewa. Bangon yamma, wanda rana ke duka da la'asar, bar shi ba taga.

Sai dai manhaja abin da ka ba ta kawai ta sani. Ragar sauro tana rage iska, ka saka ta a lissafi. Na taɓa yi wa wani gida a Daura lissafi, na manta benen maƙwabcinsa ta kudu. A kwamfuta iska na kaɗawa. A ɗakin uwargida ko labule bai motsa ba, sai da muka fasa taga ta sama.