Taylor sau 14 ne ko sau 16? Amsa ga mai koyon sharhin wasanni

Ƙanena, na ga tambayoyi biyun da ka aiko mini kan rubutun da kake shirya wa filin wasanni na ranar Asabar. Ka ce ka duba tarihin gasar duniya ta wasan dat, wato jifa da ƙananan kibau, wani wuri an ce Phil Taylor ya ɗauki kofi sau 14, wani wuri kuma sau 16, to wanne za ka karanta wa masu sauraro? Sannan ka ce ta yaya mutum zai yi matsakaicin maki 109 a wasa, kuma a yi waje da shi? Na ji daɗin da ka tsaya ka tambaya, domin a sana'ar nan tamu mai kwafar lamba ba tare da sanin inda ta fito ba, shi ne yake ɓatar da jama'a.

Duka lambobin biyu daidai ne. Abin da ya sa suka bambanta rabuwar gida ce.

An fara gasar duniya a 1978 a birnin Nottingham na Ingila, ƙarƙashin BDO, ƙungiyar wasan dat ta Birtaniya, kuma Leighton Rees ɗan Wales ne ya fara ɗaukar kofin. Daga 1986 gasar ta zauna a Lakeside, a yankin Surrey. Zamanin nan na Eric Bristow ne, wanda ya ci sau biyar, da John Lowe, da Jocky Wilson ɗan Sikotland. Bristow ne ya tsinto Taylor a garin Stoke, ya ɗauki nauyin tafiye-tafiyensa zuwa gasanni, sai ga shi a 1990 yaron nasa ya same shi a wasan ƙarshe ya doke shi 6 da 1. Taylor ya ƙara ci a 1992. Waɗannan biyun su ne bambancin da ka gani, domin a gidan BDO aka ci su.

A ƙarshen shekarun 1980 wasan ya shiga halin ni-'yasu. Gidajen talabijin sun janye daga yawancin gasanni, masu ɗaukar nauyi suka bi bayansu, kuɗin lada ya ragu, wanda ya bar aikinsa don ya rayu da jifa ya rasa na cefane. Manyan 'yan wasa 16, cikinsu har da duk tsofaffin zakarun da ke kan wasa a lokacin, suka ga shugabannin BDO ba su da niyyar gyara, suka kafa tasu ƙungiyar mai suna WDC. Gasar 1993 ita ce ta ƙarshe da aka yi kowa da kowa a zaure ɗaya. BDO ta haramta musu wasa a gasanninta, aka shiga kotu, ba a sasanta ba sai 1997, kuma a sulhun ne WDC ta sauya suna zuwa PDC.

Gasar sabon gidan ta farko ita ce ta 1994, a wani zaure da ake kira Circus Tavern a Purfleet, yankin Essex. 'Yan wasa 24 ne kacal, tashar Sky Sports ta nuna, Dennis Priestley ya doke Taylor 6 da 1, ya tafi gida da fam 16,000. Daga nan Taylor ya riƙe wuya: shekara takwas a jere, 1995 zuwa 2002, ba wanda ya karɓe kofin. John Part ɗan Kanada ya katse shi a 2003, ya dawo ya ci uku a jere, ya ƙara a 2009 da 2010, ya rufe a 2013 yana da shekara 52, inda ya doke Michael van Gerwen. Ka ƙirga, 14 ke nan. Saboda haka idan kana magana a kan gasar PDC, ka ce 14. Idan kana magana a kan mutumin da rayuwarsa ta wasa, ka ce ya zama zakaran duniya sau 16, biyu a BDO, 14 a PDC. Kada ka yi ƙyashin waɗannan 'yan kalmomin don ka rage daƙiƙa biyar, su ne suke nuna ka san abin da kake faɗa.

Akwai abin da nake so ka riƙe a kan waɗannan kofunan na farko. Shekara da shekaru duniya tana da zakaru biyu a kowace Janairu, kuma masu goyon bayan Lakeside suna cewa Taylor yana cin nasara ne a ƙaramin fili, tunda gwanaye irin su Raymond van Barneveld ɗan Holan suna ɗaya gidan. Maganar ba ta banza ba ce, a farkon shekarun filin PDC ƙarami ne, kuɗinsa ma bai kai na BDO ba sai a farkon shekarun 2000. Amma sai an gwada akan san na ƙwarai. Van Barneveld, da kofin BDO huɗu a hannunsa, ya tsallako a 2006, suka haɗu da Taylor a wasan ƙarshe na 2007. Da zango ake ƙirga wasa, kowane zango kuma turmi-turmi ake cin sa. Taylor ya yi gaba da zango uku babu ko ɗaya, ɗan Holan ya rama, aka kai 6 da 6, aka je turmin raba gardama guda ɗaya, kowa ya jefa 180 a cikinsa, wato mafi yawan makin da kibiya uku ke bayarwa, van Barneveld ya rufe da ninki biyu na 20. Daga shi gasar PDC ta bar Circus Tavern, kuma a ganina duk wanda zai yi sharhin wasan nan ya kamata ya zauna ya kalle shi daga farko har ƙarshe. Bayan shekara biyu suka sake haɗuwa, Taylor ya ba shi 7 da 1 da matsakaicin maki 110.94, wanda ya zama mafi girma da aka yi a wasan ƙarshe. Wannan ya rufe bakin masu cewa ƙaramin fili ne ya ba shi suna.

Daga gasar 2008 aka koma Alexandra Palace a arewacin Landan. Tun 2013 kofin yana ɗauke da sunan Sid Waddell, mai sharhin da ya rasu a 2012, wato ɗan sana'armu ne aka karrama. BDO kuwa ta yi gasarta ta ƙarshe a 2020 ta durƙushe.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ta fi ta farko amfani a wurin aiki.

Ka fara sanin faifan. An rataye shi tsakiyarsa tana mita 1.73 daga ƙasa, mai jifa yana tsaye nisan mita 2.37. An raba shi gida 20. Siririn zoben da ke bakin gefe yana ninka maki sau biyu, na ciki yana ninkawa sau uku, cibiyar tana ba da 50, abin da ya kewaye ta 25. Kowa yana farawa da 501, yana jefa kibiya uku a kowane zuwa, ana ragewa har a kai sifili, kuma dole kibiyar ƙarshe ta shiga ninki biyu ko cibiya. Wannan shi ne turmi ɗaya. Wanda ya fara cin turmi uku ya ci zango, wasan ƙarshe kuwa sai mutum ya ci zango bakwai. Ka lura da maƙwabtan gidan 20: a dama 1, a hagu 5. Hannu ya ɗan karkace, mai neman 60 ya tashi da maki ɗaya.

Matsakaicin maki shi ne abin da mutum yake samu a kowace kibiya uku. Wanda ya gama 501 da kibiya 18 yana kan 83.5, mai kibiya 15 yana kan 100.2, mai 12 yana kan 125.25. To ɗauki alƙalami ka bi ni. Mutum na farko shi ya fara jifa, ya gama a zuwansa na biyar, kibiya 15, matsakaici 100.2. Na biyu zuwa huɗu kawai ya samu, kibiya 12, ya ci 461, saura 40 yana jiran ninki biyu na 20, amma ba a ba shi damar ba. Lissafinsa 115.25. Wa ya ci turmin? Na farko. A takarda na biyu ya fi shi da maki 15, alhali bai taɓa wurin da aikin yake da wuya ba. Wanda aka doke sau da yawa lambarsa tana kumbura ne saboda bai kai ga jifan rufewa ba, inda kibau suke zubewa a banza.

Tsarin zango ma yana da nasa. Mutum zai iya cin zango huɗu kowanne da 3 da 2, a ba shi 3 da babu a zango biyu. Ya ci wasa 4 da 2, amma turminsa 12, na wanda ya doke 14. Shi ya sa nake cewa gasar nan ta mai sanyin zuciya ce a turmi na biyar.

Wasan da ka gani da 109 ɗin nan na kusa da na ƙarshe ne a gasar 2017. Van Barneveld ya yi 109.34, van Gerwen ya yi 114.05, wanda ya kafa tarihin mafi girman matsakaici a wasa guda a gasar, ya ci 6 da 2. A nan ba kumburin lamba ba ne kawai, mutumin ya yi wasan da zai doke kusan kowa a duniya, sai ya gamu da wanda ya fi shi a daren. Saboda haka duk lokacin da za ka karanta matsakaici, ka haɗa shi da abu biyu: kibiya nawa ya jefa a ninki biyu kuma nawa suka shiga, da sau nawa ya ƙwace turmin da abokin karawarsa ya fara jifa. Waɗannan su ne suke faɗin yadda wasa ya tafi.

Sai turmin kibiya tara, mafi ƙanƙantar adadin da za a iya gama 501 da shi. Paul Lim ne ya fara yin sa a gasar duniya, a Lakeside a 1990. A gidan PDC van Barneveld ne ya buɗe a 2009, Adrian Lewis ya yi a wasan ƙarshe na 2011. Taylor, duk da kofuna 16, bai taɓa yin sa a gasar duniya ba, ko da yake ya yi a wasu gasannin. Amma wanda nake so ka haddace shi ne na wasan ƙarshe na 2023. Van Gerwen ya buɗe da 180, Michael Smith ya mayar da 180. Van Gerwen ya jefa 177, saura masa 144. Smith ya ƙara 180, saura 141. Van Gerwen ya sa ninki uku na 20, ya ƙara sawa, saura 24, kibiyar tara ta kuskure ninki biyu na 12 da ƙyar. Smith ya tako: ninki uku na 20, ninki uku na 19, ninki biyu na 12. Mutum biyu suna kan hanyar kibiya tara a turmi ɗaya, a wasan ƙarshe na duniya! Smith ya ɗauki kofin da 7 da 4. Mai sharhin da bai iya lissafi da ka ba, abin zai wuce shi yana kallo. Ka zauna ka koyi hanyoyin rufewa: 170 ita ce mafi girma, ninki uku na 20 sau biyu da cibiya, kuma 169, 168, 166, 165, 163, 162 da 159 ba sa rufuwa da kibiya uku. Idan ka ga ƙwararre ya bar gidan 20 ya gangara 19 ko 18, gudun faɗawa waɗannan yake yi, kuma aikinka ne ka gaya wa mai sauraro kafin kibiyar ta tashi.

Na san inda zuciyarka take, wajen Luke Littler, kuma da dalili. Yana da shekara 16 ya kai wasan ƙarshe na 2024, Luke Humphries ya doke shi 7 da 4. A 2025 yana da 17 ya doke van Gerwen 7 da 3, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya ɗauki kofin, tarihin da van Gerwen ya riƙe tun 2014 yana da 24. A 2026 ya kare kambunsa a hannun Gian van Veen da 7 da 1, a gasar da aka faɗaɗa zuwa 'yan wasa 128, ya karɓi fam miliyan ɗaya. Ka yabe shi iyakar yabo, ya cancanta. Amma kada ka ce ya zarce Taylor. Kuɗin da ya samu ba ma'auni ba ne, tunda Priestley fam 16,000 ya samu a kan kofin nan. Abin da za ka iya faɗa da gaskiya shi ne Littler yana cin nasara a filin da ya fi na zamanin Taylor yawan gwanaye, Taylor kuwa ya zauna a sama daga 1990 zuwa 2013, har ya kai wasan ƙarshe a 2018 kafin Rob Cross ya tare shi.

Idan lokaci ya ba ka dama, ka ambaci Fallon Sherrock, mace ta farko da ta ci wasa a gasar, a Disambar 2019, da David Munyua na Kenya, likitan dabbobi, wanda ya taso daga zango biyu babu ko ɗaya ya doke Mike De Decker a Disambar 2025. Kuma a nan akwai tarko. Gasar tana farawa ne a Disamba, ta ƙare a farkon Janairu, sunanta kuwa na sabuwar shekara ne. Nasarar Sherrock ta gasar 2020 ce, ta Munyua ta gasar 2026. Ka duba rubutunka layi-layi ka daidaita shekarun, sannan ka kawo mini shi ranar Alhamis mu karanta tare kafin ka shiga ɗakin watsa shirye-shirye.