Aikin kuku ya raba ka da abokai, abinci ma ya fita ranka?

Malam, ka ce tunda ka kama aikin kuku a otal abokai suka ja baya. Haka sana'ar take: ranar Sallah da biki kowa na zumunci, kai kana gaban murhu. Ranar hutunka ka kira mutum biyu ko uku, ka yi musu garau-garau: wake gwangwani biyu, ya fara laushi sannan ka zuba shinkafa huɗu, manja da yaji. Kar ka yi musu girkin otal, gajiya za ta sa ka daina.

Rashin sha'awar abincin kuwa, ƙamshi da yawan ɗanɗano ne ke cika ka. Ka ci kafin a hura wuta, ka riƙa kurɓar ruwa tsakanin ɗanɗano, don harshen da ya gaji gishiri yake cikawa.