Shin Omega ce ta ƙera tsohon agogon Tissot ɗinka?

Malam, ka ce ka gaji agogon Tissot na shekarun 1960 daga mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, kuma mai gyara ya gaya maka cewa Omega ce ta ƙera shi, har da Rado ma duk nata ne. Maganar akwai ƙanshin gaskiya a cikinta, amma an cakuɗa zamani da zamani.

An kafa Tissot a garin Le Locle na ƙasar Suwizalan a 1853, kuma a 1930 ta haɗu da Omega ƙarƙashin uwar kamfani guda mai suna SSIH. Wannan haɗakar ba ta mai da Tissot mallakar Omega ba, domin 'yan'uwa ne a gida ɗaya, kowanne da masana'antarsa da sunansa. Idan mai gyara ya buɗe murfin baya, ka sa ido da gilashin ƙara girma a kan injin, inda galibi za ka ga sunan Tissot a zane.

Batun Rado kuwa kuskure ne, kuma yana damuna ƙwarai, saboda da irin wannan zancen ake tsawwala wa masu saye farashi. A shekarun 1970 Rado tana ƙarƙashin wani rukuni dabam mai suna ASUAG tare da kamfanin agogo na Longines, ba ta zama 'yar gida ɗaya da Omega ba sai a 1983 da rukunonin biyu suka haɗe, abin da aka sake wa suna Swatch Group a 1998.